Zinariyar Wake

Hansi yarinya ce mai ƙoƙari a makaranta, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Aibinta guda ne. Ba ta ƙaunar kowa ya sha gabanta, ko da a tsallen igiya ne.

Tana aji bakwai a makarantar ƙauyenmu, can kan dutse. Su uku ne a gida: ita, da mahaifiyarta da take kira Ija, da kakarta da kowa ke kira Ama. Babanta yana aikin gadi a birni, sai da biki ake ganinsa.

Wata rana bayan an gama girbi, malamin kimiyya ya shigo aji da alli a hannu. Sunansa Dhami, amma Massab muke ce wa kowane malami. Ya karya allin gida biyu. Ya ɗauki rabi ya sake karyawa.

Ya ce, "In na yi ta karyawa haka, a ina zan tsaya?"

Kundan, sarkin surutun aji, ya ce, "Inda shugaban makaranta ya kama ka kana ɓarnar alli, Massab."

Aji ya kwashe da dariya. Massab ma sai da ya murmusa.

Ya ce, "Zan tsaya ne a kan wani abu ɗan mitsitsi da ido ba ya gani. Sunansa ƙwayar zarra. Da ita aka gina komai. Allin nan, da bencin da kuke kai, da ruwan rafi, har da bakin Kundan."

Ya juya ya yi zane a allo. Ya ce, "Kun ga wannan dunƙulen na tsakiya? Shi ne cibiya. A cikinta akwai furoton da niyutiron, sun cure wuri guda. Daga waje kuma ilektiron ne ke ta kewaya su, ba hutu."

Hansi ta ɗaga hannu. "Massab, me ya hana ilektiron ya gudu ya tafi abinsa?"

"Yawwa, celi, 'yata, kin yi tambaya. Furoton yana da cajin lantarki mai alamar tarawa. Ilektiron yana da mai alamar ɗebewa. Shi ya sa suke jan juna. Niyutiron kuwa ɗan ba-ruwanmu ne, ba shi da caji ko kaɗan, amma yana da nauyi."

Ya ce yawan furoton ne ke nuna ko wane sinadari ne. In guda ɗaya ne, haidirojin ke nan. In shida ne, kabon, wanda ke cikin gawayi. Ya ce tsakanin cibiya da ilektiron kuwa fili ne fetal, ba komai.

Kundan ya ce, "Kamar kan Hansi ke nan."

Aka sake dariya. Hansi ta cika ta yi fam.

Kafin a tashi Massab ya ba da aiki. Kowa ya haɗo siffar ƙwayar zarra da hannunsa. Wanda ya fi kowa, za a kai aikinsa gasa a birnin Almora, shi ma a tafi da shi.

Ya ce, "Kabon ya ishe ku. Furoton shida, niyutiron shida, ilektiron shida. Ku yi da laka ko da abin da kuka samu a gida."

Kundan ya ce shi ta ƙarfe zai yi, mai furoton ashirin da shida, da duwatsun wuya da kawunsa ya kawo daga birni. Ya leƙo wajen Hansi ya ce, "Ke haidirojin ya dace da ke. Ƙwaya biyu, kin gama."

Hansi ta tashi ta je gaban jadawalin sinadarai da ke jikin bango. Ta bi shi da yatsa har ta tsaya.

"Massab, ni ta zinariya zan yi."

Massab ya cire tabarau. "Furoton saba'in da tara fa, Hansi. Ilektiron ma haka. Niyutiron ɗari da sha takwas. Ina za ki samo su?"

"Zan samo."

Da ta koma gida ta gwada laka. Ƙwallayen suka bushe suka tsattsage. Ta gwada tsakuwa, ta ƙi hudawa. Ta duba buhun waken da suke ci, duk launi ɗaya ne. Ita kuwa launi uku take nema. Nan idonta ya kai kan gorar Ama.

Gorar tana rataye a saman murhu, inda hayaƙi ke dukanta. Irin wake ne a ciki, ja da fari da baƙi. Ama ta zo da shi ne daga gidan mahaifiyarta tun tana amarya. Ƙauyen nasu tuni ƙasa ta zaftare ta binne shi, mutanen suka watse. Abin da ya rage wa Ama na gidansu ke nan.

Kowace kaka takan zaɓi ƙwayoyi masu kyau da hannunta. Ta gauraya su da toka, ta zuba a gora, ta liƙe bakin da laka da kashin shanu. Daga nan ba mai taɓawa sai ranar shuka. Ko yunwa ake yi ba a taɓa iri, kowane yaro a ƙauyenmu ya san wannan. Hansi ma ta sani sarai.

Washegari da la'asar Ija ta tafi yankan ciyawar saniya. Ama ta tafi shan rana a gidan maƙwabta. Hansi ta taka turmi ta sauko da gorar.

Ta ce a ranta, "Kaɗan zan ɗiba. Ai da yawa."

Ta fasa liƙin ta juye a faifai. Waken duk ya yi furu-furu da toka, ba a ko gane launinsa. Sai ta fita bayan gida ta sheƙe tokar tas, iska ta tafi da ita. Ta zaɓi ja a matsayin furoton, fari niyutiron, baƙi ilektiron. Kafin ta gama, fiye da rabin irin ya koma cikin jakarta.

Ta mayar da sauran cikin gora, tsaf da shi ba toka. Har daɗi ta ji wai ta wanke wa Ama iri. Ta cusa tsumma a bakin, ta shafe da laka, ta rataye yadda ta gani. Ba ta san tokar nan ita ce mai gadin waken ba.

Aikin kam ya yi kyau, ba za a hana ta wannan ba. A ɗakin ajiyar ciyawa ta yi shi, a ɓoye. Baƙin waken ta tafasa shi ya yi laushi don allura ta shige. Ta jera shi a kan zobba shida na waya. Ja da farin kuwa ta dama garin alkama ya yi kauri, ta manne su suka zama dunƙule kamar babban lemo.

Ranar da ta kai makaranta, yara suka yi caa a kanta. Massab ya zauna ya ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Babu kuskure. Har zoben ƙarshe mai ilektiron ɗaya tak ta sa daidai.

Ya ce, "Ina kika samo wake masu kyau haka?"

"Ama ce ta ba ni, Massab."

Ƙaryar ta fito mata sumul, ita kanta sai da ta yi mamaki. Massab ya shafe aikin da man ƙyalli irin na kafintoci don kada ƙwari su ci. Ya sa shi a kabad mai gilashi. Ya ce da zarar ƙanƙara ta narke hanya ta buɗe, Hansi za ta Almora.

Kundan ya ce, "Zinariyar wake! A kai kasuwa mu ga mai saye."

Amma kowa ya ga ya ji haushi, kuma abin da Hansi take so ke nan.

Sanyi ya zo. Dusar ƙanƙara ta rufe gonaki. Kullum suna zaune a bakin murhu, gorar na lilo a saman kansu. Ama takan ɗaga kai ta dube ta, ta ce, "Ku yi barcinku, 'ya'yana, lokacinku na zuwa." Duk sanda ta faɗi haka, Hansi takan ajiye gurasar tamba ta kau da kai. Sau da yawa ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta tuna Almora ta yi shiru.

Ranar shuka ta zo. Ama ta yi wanka da sassafe, ta kunna 'yar fitila a gaban wurin ibada. Ija ta sauko mata da gorar. Ama ta karɓa, sai ta tsaya tana jijjiga ta a kunne.

Ta ce, "Ta yi shafal."

Ta fasa bakin ta juye a faifai. Gari ne ya zubo, da ɓawo, da ƙananan ƙwari suna ta gudu. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta matsa, ta ruguje a hannunta. Ta ɗauki wata, haka. Duk wadda ta ɗauka huda ce a jikinta.

Ija ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Me ya faru haka?"

Ama ta shafa garin da tafin hannu. Idonta ba ya gani sosai yanzu. Ta kai hanci ta shinshina.

Ta ce a hankali, "Ba toka. Ashe ban zuba toka ba. Tsufa ya zo mini har nan? Irin uwata, shekara da shekaru ina riƙe da shi, yau hannuna ne ya kashe shi."

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta kwanta, ta juya fuska bango. Da rana aka kai mata shinkafa da miya, ba ta taɓa ba. Da yamma aka kai shayi da mazarƙwaila, ya huce a inda aka ajiye shi.

Hansi ta wuni tana kai da kawo a tsakar gida. Ba wanda ya zarge ta. In ta yi shiru, shi ke nan, maganar ta mutu. Amma duk sanda ta leƙa ɗaki sai ta ga bayan Ama, ɗan ƙarami cikin bargo. Abin ya fi ƙarfinta.

Da safe ta durƙusa a bakin gadon, ta kama ƙafafun Ama.

"Ama, kin zuba toka. Ni ce na sheƙe ta. Ni na buɗe gorar. Na ɗebi irin na yi aikin makaranta."

Ija tana bakin ƙofa da tulun ruwa. Ta ajiye shi da ƙarfi har ruwan ya fantsama.

"Me kika ce? Iri kika ɗiba? Ke wace irin yarinya ce? Ina waken yake?"

"Na tafasa na soke da allura, Ija. Sauran na manne, Massab ya shafa musu man ƙyalli."

"Kin tafasa! Kin ji ko, Ama? Ta tafasa! Duk ƙwaƙwalwar nan da ake yabo, ba ta gaya miki dafaffen wake ba ya tsirowa ba? Kuma kina kallo tsohuwa ta kwana da yunwa tana zargin kanta!"

Hansi ta so a ce Ama ma ta yi faɗa. Ta so a ce ta ɗauki sanda. Amma Ama ta dube ta kawai, ta daɗe tana dubanta.

Ta ce, "Da kin tambaye ni, celi, da na ba ki na ci mun rina shi."

Ta sake juya fuska bango. Wannan maganar ta fi wa Hansi duka zafi.

A wajenmu ba a sayar da iri. In naka ya lalace, ka bi gida gida ka roƙa, a ba ka tafi guda, ka mayar da biyu bayan girbi. Amma a kowace ƙofa sai ka faɗi yadda aka yi naka ya mutu. Ija ta miƙa wa Hansi ƙwarya.

"Ke kika ɓata, ke za ki roƙa. Ama ta sha ba mutane irin nan. Je ki nemo ko wani ya ajiye."

Ta fara da gidan Kaki Paruli, matar ƙanin babanta. Ta taɓa ƙafafunta don gaisuwa, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Kaki ta riƙe haɓa. "Ƙwayar me? Zarra? Ana miya da ita?"

"A'a, Kaki. Ido ma ba ya ganinta."

"To, kin ji! Kin kashe abin da ake gani saboda abin da ba a gani. Ni wanda Ama ta ba ni tuni muka cinye. Yanzu na shagon gari muke shukawa, ya fi saurin nuna."

Ta wuce gidan Bubu Diwan, tsohon da ya fi kowa shekaru a ƙauyen. Yana zaune yana gyaran garma.

Ya ce, "A'a, ga mai zinariya! An ce ke kika mayar da wake zinariya. To, mayar mana da zinariyar wake mu gani."

Da ya ga hawaye a idonta sai ya daina tsokana. Ya shiga ya dudduba tukwanensa, ya fito hannu wofi.

"Tun da tsohuwata ta rasu ba wanda ya kula da shi. Yi haƙuri, jikata."

Haka ta bi ƙauyen kaf, ta sauka har gidajen bakin rafi. Mutanen kirki ne, kusan kowa ya zuba mata tafi guda na irin da yake da shi. Ƙwaryar ta cika. Amma ko ƙwaya ɗaya ta irin Ama babu.

Ija ta duba ta ce, "To, ba za mu kwana da yunwa bana ba. Amma na Ama kam ya tafi."

Ama ta fara cin loma biyu uku don Ija ta matsa mata. Amma ta daina fita shan hantsi. Ta daina ba da labari. Ranar da aka shuka irin maƙwabta, ko leƙa gonar ba ta yi ba. Gorar tana yashe a bayan murhu, ba wanda ya iya ɗauke ta.

Hansi ta rame. A aji ta daina ɗaga hannu. In ta wuce ta gaban kabad ɗin gilashi sai ta kau da kai. Ko Kundan ya tsokane ta ba ta tankawa, har shi ma ya gaji ya bari.

Wata rana bayan an tashi, Massab ya tsayar da ita.

"Hanya ta buɗe, mako mai zuwa za mu Almora. Ya na ga ba kya murna?"

Sai ta fashe da kuka. Ta gaya masa komai, har ƙaryar da ta yi masa.  Massab ya ce, "Ni ma da na bincika sosai. Amma ke kika san gaskiya, kika ɓoye. Yanzu gaya mini, duka kika tafasa?"

"Ilektiron kawai. Na cibiya ban tafasa ba, mannewa na yi. Amma Ija ta ce man ƙyalli ya kashe su."

Massab ya buɗe kabad ya fito da aikin. Ya juya dunƙulen a hannunsa.

"Na waje kam man ya rufe su ruf, ban sa rai da su ba. Na can ciki kuwa bai kai gare su ba. Wataƙila suna da rai. Wataƙila kuma danshin garin alkama ya ruɓar da su tuni. Ba mai sani sai an fasa."

"In an fasa za a iya mayarwa?"

"A'a. In kin fasa, ba aiki, ba Almora. Na Kundan za a kai, shi ya zo na biyu. Kuma kina iya fasawa ki tarar ba komai, ki yi biyu babu. Ba zan zaɓa miki ba, Hansi."

Hansi ta dubi zobban nan shida. Ta daɗe tana mafarkin shiga mota zuwa Almora, ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa ba. Ta tuna dariyar da Kundan zai yi. Har ta ce a ranta, ai ɓarnar ta riga ta auku, me fasawa za ta ƙara? Sai kuma ta tuna Ama kwance, fuska a bango.

Ta ce, "Massab, ara mini guduma."

Suka shimfiɗa jarida a kan tebur. Ta cire zobban ta ajiye gefe. Ta ɗan doki dunƙulen. Bai fashe ba. Ta ƙara, sai ya dare gida biyu.

Wari ya bugi hancinsu. Cikin ya yi funfuna, baƙi da kore. Hansi ta zauna daɓas a benci.

"Sun ruɓe, Massab. Duk sun ruɓe."

"Kada ki yi saurin yanke hukunci. Duba ɗaya ɗaya."

Ta share hawaye ta fara ɓanɓarewa da farce. Wannan ya ruɓe. Wannan ma. Can ta ci karo da ja guda mai tauri, fatarsa sumul. Ta ci gaba. Kundan da ya dawo ɗaukar jakarsa ya tsaya a ƙofa yana kallo.  Ya jawo benci ya zauna, shi ma ya fara ɓanɓarewa.

Da suka gama, abin da suka tsira da shi bai cika tafin hannun Hansi ba. Ja da fari ne, wasu sun yi yaushi. Massab ya ce ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye a wuri mai ɗumi, kada ta bari ya bushe.

Ba ta gaya wa Ama ba, don kada ta sa mata rai a banza. Ija kaɗai ta nuna wa. Ija ta taɓe baki ta ce, "Wannan? Hmm. Gwada dai."

Kullum da safe ta buɗe tsumman. Ba komai. Wasu ma suka kumbura suka yi wari, ta tsince ta zubar. Suna ta raguwa a gaban idonta. Ranar da mota ta zo ɗaukar Kundan, tana tsaye a bakin hanya ta ga tafiyarsu. Ta koma gida ta buɗe tsumman, har yanzu ba komai. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka har ta gode Allah.

Washegari ta buɗe ba tare da ta sa rai ba. Sai ta ga wani abu fari siriri ya leƙo daga gefen wani jan wake. Ta murza ido. Ga wani a jikin fari. Ga wani kuma. Tsiro ne!

Ta kwasa da gudu har tana tuntuɓe da bakin ƙofa.

"Ama! Ama, tashi ki gani!"

Ama ta juyo da ƙyar. Hansi ta kama hannunta ta ɗora yatsanta a kan tsiron. Ama ta shafa, ta sake shafawa. Ta kai tsumman dab da idonta. Ta tashi zaune.

"Wannan ai jan uwata ne. Ga farin ma. Daga ina?"

"Na fasa aikina, Ama. A cikin cibiyar suke."

"Almoran fa?"

"Kundan ya tafi."

Sai a lokacin Ama ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar shuka. Ta jawo Hansi ta rungume ta.

"Baƙin fa, celi?"

Hansi ta sunkuyar da kai. "Shi na tafasa, Ama. Ba ko ɗaya."

Ama ta yi ajiyar zuciya. "To, shi ya tafi, ba ya dawowa. Ki riƙe wannan a ranki. Amma biyu sun dawo gida. Miƙo mini sandata. Ke kuma," ta ɗaga murya ta kira Ija, "ɗora mana shayi, ki sa mazarƙwaila da yawa. Yunwa nake ji."

A ranar Ama ta fita da ƙafarta. Ta zaɓi wuri mai taki a bayan gida. Ita ke nuna wuri da sanda, Hansi na tona rami tana sa tsiro a hankali. Hansi ce ta kewaye wurin da ƙaya saboda awaki, ita ce mai ban ruwa safe da yamma. Kafin damina ta yi nisa, waken ya hau sanduna ya yi fure.

Kundan ya dawo daga Almora da na uku. Ya kawo wa Hansi alewar madara a ganye, ya ce, "Da naki aka kai, da na ɗaya za a ci. Amma kada ki gaya wa kowa na faɗa."

Da kaka ta yi, abin da suka girba bai fi ƙwarya ɗaya ba. Ba a dafa ko ƙwaya ba. Ama ta raba shi uku, ta aiki Hansi da kashi ɗaya gidan Kaki Paruli, ɗaya gidan Bubu Diwan, ta ce su shuka baɗi kada su kuskura su ci. Ta ce ita ma ta koyi darasi, ba a tara iri a gida ɗaya.

Daga ranar Hansi ba ta ƙara ɗaukar abin da ba a ba ta ba. Ta ci gaba da ƙoƙari a makaranta, amma ta daina neman a yabe ta ko ta halin ƙaƙa. Ta gane cewa son a fi kowa yana iya sa yaro ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa duka. Yara, kafin ku taɓa abin manya ku tambaya. In kuwa kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya da wuri, ku gyara abin da zai gyaru, ko da gyaran zai ci abin da kuka fi so.